Sunan da Hajiya Tsahara ta bayar sau biyu

Ku biyun nan da Kawu Maman ya ɗauka aiki a siber, shagon intanet ɗin nan, bana, na ji ku jiya kuna ƙyaƙyata dariya a bayan firinta. Wai don wani mai motocin yawon hamada ya zo a yi masa rajistar suna a intanet, ni kuma kafin in taɓa komai na tambaye shi, "Alhaji, kunyar wa kake ji a gidanku?" Kuka ce Lawali ya fara taɓuwa. Kuka ce aikin ai danna nan ne, danna can, an gama. To ku gyara zama. Shekarata goma sha takwas, amma a wannan sana'a ni tsoho ne tukuf. Da da wahalar siber ake lissafin shekaru, da yanzu sai an riƙe mini hannu in hau kujera.

Lokacin da Kawu Maman ya ɗauko ni daga Maraɗi ya kawo ni Tamanrasset, ba a bar ni na taɓa na'ura ba. Aikina ɓeraye. Ba na ramin kanti ba, na na'ura, waɗanda ake turawa a kan tebur. Na zamanin suna da ƙwallo a ciki. Kowace safiya in kife su, in zare ƙwallon, in kankare dattin da tsinken ashana. Yashin da na fitar daga cikin ɓerayen nan ya isa a gina ɗaki da falo. Sai modam, wato akwatin da ke haɗa mu da duniya ta wayar tarho. In ya fara kuka sai ka rantse akuya ce ke naƙuda. Shafi guda kuwa, in ka ce ya buɗe, kana iya zuwa Kasuwar Assihar, ka yi ciniki, ka yi faɗa, a sasanta ku, ka dawo ka tarar rabin hoton ne ya sauko, daga goshi zuwa hanci. Akwai kuma batirin da ke ƙarƙashin tebur, mai tsuwa in kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Shi ne ya koya mini gudu.

Da Kawu ya ga ɓerayensa sun yi ƙiba, sai ya zaunar da ni kusa da shi ya fara nuna mini aikin suna. Ga yadda ya faɗa mini, ni ma haka zan faɗa muku. Sunan shafi ba sayensa ake yi ba, haya ce. Kamar allon da ke saman rumfar kasuwa ne, amma wani kamfani a can nesa yake riƙe maka shi, kana sabuntawa duk shekara. Kuma kamfanin bai san fuskarka ba, bai san wahalarka ba. Wanda aka rubuta a gurbin "mai suna", shi ne mai suna, ko da bai taɓa ganin na'ura ba. Akwatin imel ɗinsa kawai suke yi wa magana. Daga nan ya kama kunnena ya ba ni doka: "Hannunka ba ya danna 'na yarda' a madadin kowa. Ko ubanka ne." Kunnen nan na hagu har yau ya fi na dama tsawo, ku duba.

Aikin suna na farko da na yi da hannuna, na Malam Isufu ne da yayarsa Hajiya Tsahara. Dukawa ne daga Damagaram, suna da rumfa a Assihar, suna ɗinka jakunkuna da takalma da matasai na fata. Hajiya ce ta rene shi bayan rasuwar iyayensu, shi ya sa ko da furfura ta fara fito masa a gemu, Auta take ce masa, shi kuma ba ya ɗaga ido ya dube ta. Turawa masu zuwa kallon duwatsu suna sayen kayansu, kuma kullum sai sun tambaya ko akwai inda za a same su in an koma gida. Shi ne suka zo.

Mun sha fama kafin mu sami suna. Duk wanda na buga, sai na'ura ta ce an riga mu. Mai raƙumi an ɗauka, mai hamada an ɗauka, mai rairayi an ɗauka. Na ce wa Kawu mutanen da ba su taɓa jin warin raƙumi ba sun kwashe raƙuman duniya kaf. Hajiya ta gaji ta ce, "Ku sa sunan babanmu, Ɗan Bako. In akwai Baturen da ya riga mu shi, a nuno mini uwarsa." Na buga. Babu kowa a kai.

Na buɗe wa kowannensu akwatin imel. Da aka zo kalmar sirri, Hajiya ta kore mu duka, ta lulluɓe hannunta da madannan da mayafi, ta yi ta dannawa da yatsa guda kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Tana gamawa ta fita, don ta hango mai goro. A nan ne na iso gurbin "mai suna".

Na ce, "Malam Isufu, naka zan sa? Kai ne za ka riƙa karɓar saƙon masu saye."

Ya zabura kamar na zage shi. "Ina ni ina sa sunana Yaya tana raye? Sa nata."

Kawu ya ce, "Isufu, wanda aka rubuta nan, komai sai da yardarsa fa."

"To da can da yardar wa nake komai?"

Aka sa nata, da akwatinta. Saƙon masu saye kuwa aka juya shi zuwa nasa. Hajiya ta dawo tana tauna goro, ba wanda ya gaya mata. Na ɗauki hotunan jakunkuna a kan farin zane, muka ɗora. Aka buga ƙananan katuna masu ɗauke da sunan, duk Baturen da ya sayi ko maɓalli sai an cusa masa guda a aljihu.

Sai muguwar shekara ta zo. Ku ba ku nan. Shekarar da baƙi suka ɗauke ƙafa daga hamada gaba ɗaya. Masu ja-gora suka koma zaman siber, suna buga karta da na'ura tana cinye su. A Assihar, in Bature guda ya gifta, sai a raka shi da ido har ya ɓace, kamar jinjirin wata. Rumfar dukawan nan ba ta iya ciyar da gida biyu. Hajiya ta tara dattawan layinsu, ta ce ta bar wa Auta komai: rumfa, fatu, basilla, wuƙaƙe, da sunan baba da ke cikin na'ura. Aka shaida, aka shafa fatiha. Ta ɗaure tukwanenta ta hau mota zuwa In Ekker, can arewa a bakin babbar hanya, ta buɗe rumfar abinci don direbobin manyan motoci.

Malam Isufu kuwa, shafin nan ne ya riƙe shi. Waɗanda suka tafi da katuna suka fara rubutowa. Wata mai kanti tana son jakunkuna, wani yana son matasai. Yakan zo da safe in karanta masa, ya koma ya ɗinka, ya kai gidan waya. Ba ƙofar da abincin 'ya'yansa ke shigowa sai wannan.

Ana cikin haka kamfanin Faransa da ke riƙe mana sunaye ya aiko wa duk masu suna cewa zai rufe. Kowa ya kwashe sunansa zuwa wani kamfani kafin ƙarshen wata. Wanda ya bari, sunansa zai faɗi ƙasa, kuma akwai masu jiran irin wannan a duniya, suna zaune kamar ungulu a mahauta. Suna faɗuwa su cafe, su liƙa tallar abin da ba na iya faɗa gaban yara.

Ƙaurar suna, ku da kuke cewa danna nan danna can, ga yadda take. Ka shiga tsohon kamfani ka cire wa sunan kwaɗo. Ka nemi lambar ƙaura, su aika akwatin mai suna. Ka kai lambar sabon kamfani. Su kuma su sake aika wa mai suna tambaya, ka yarda? Sai ya danna. Kowane mataki ta akwatin mai suna yake bi. Na kwashe na masu otal, na kwashe na masu motoci, har na fara tafiya ina buɗa kafaɗa. Sai na iso kan Ɗan Bako, na ci karo da mayafin Hajiya.

Na ce wa Malam Isufu, "Abu mai sauƙi. Ka aika wa Hajiya ta zo ta buɗe akwatinta ta danna."

Ya murza hularsa. "Ta danna me?"

"Ta danna ta yarda."

"Ai ta yarda. Gaban dattawa."

"Kamfani bai san dattawa ba."

"Lawali, kai yaro ne. Mutum ya ba ka abu gaban shaidu, an shafa fatiha, ka koma ka ce ya sake ba ka? Ka ce masa ke nan maganarsa ba ta isa ba. Yaya fa. Gara sunan ya faɗi."

"In ya faɗi, katunan nan duka sun zama takardar ƙunshe ƙosai."

"Allah ba ya hana bawansa."

Ya tashi ya fita, amma na ga yadda ya manta takalminsa ɗaya sai da ya dawo. Na ce wa Kawu a bar ni da akwatin, mace mai danna yatsa guda ba za ta yi kalma mai wuya ba, kafin la'asar na canka. Ban rufe baki ba na ji hannunsa a kunnena. Na ce to a bar ni in je In Ekker. Ya ce, "Wa ya aike ka?" Na ce babu. Ya ce, "Madalla. In ta tambaye ka, gaskiya ke nan. Tafi."

Na shiga taksin haɗaka, mu da yawa har ban san ƙafar wa nake sosawa ba. Duk hanya ina shirya jawabi. Na tsara shi tsaf: ba zan ce ta sake bayarwa ba, zan ce akwai wani shaida kurma a Faransa da bai ji ba ranar da aka yi magana. Na ji daɗin dabarar nan har na yi wa kaina murmushi, wani Buzu da ke kusa da ni ya matsa.

Na tarar da ita tsakanin tukwane, ludayi a hannu, direbobi a jere a benci kamar 'yan makarantar lekkol. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ɗan siber. Wa ya mutu?"

"Babu kowa, Hajiya."

"Auta ne ya aiko ka?"

"Wallahi bai san na zo ba."

"To zauna ka ci. Wuyanka kamar na zabuwa, Maman ba ya ba ka abinci?"

Ta zubo mini shinkafa da wake, tudun da sai da na miƙe tsaye na hango ta ta bayansa. Da na ci rabi na share baki na fara jawabi. Na ce Hajiya, kyautar da kika yi ta ratsa ko'ina, amma akwai wani shaida guda a Faransa, bawan Allah kurma ne, ranar da aka yi fatiha bai ji ba.

Ta ajiye ludayi. "Kai, ɗan nan. Ni ka mayar sakarya? Na haye shingen dowan na kan iyaka da fatu tun ba a haifi uwarka ba. Inji ne, ka ce inji. Me ya faru?"

Direbobi suka fashe da dariya, ɗaya har ya ƙware. Jawabina ya mutu nan take, ko likkafani bai samu ba. Sai na faɗa mata yadda abin yake: kamfani zai rufe, suna zai faɗi ƙarshen wata, kuma babu mai iya ceto shi sai mai akwatin da aka rubuta.

"To Auta ya ceto abinsa mana."

"Ba sunansa ke kai ba, Hajiya. Naki ne."

"Nawa? Wa ya sa?"

"Shi. Ranar da kika fita sayen goro. Ya ce ba ya sa sunansa kina raye."

Tukunya tana tafasa tana zuba ba ta duba ba. "Tun yaushe ya san sunan zai faɗi?"

"Tun farkon wata."

"Yana zaune?"

"Ya ce gara ya faɗi da ya sake tambayarki abin da kika riga kika bayar."

"Zai zubar da tuwon 'ya'yansa don kunyata." Ba da ni take ba, da tukunya take. Sai ta juya kan benci. "Wa ke gangarawa Tamanrasset cikinku?" Wani ya ɗaga hannu da loma a baki. "Haɗiye, tashi." Ta miƙa ludayi ga yarinyar da ke taya ta. Hajiya aka ba gaban mota. Ni aka ɗora a kan buhunan albasa, na iso gari ina kuka ba tare da an dake ni ba.

Washegari da hantsi ta shigo siber. Ta aika aka kira Malam Isufu daga kasuwa. Ya zo ya durƙusa tun daga bakin ƙofa yana gaisuwa, ta amsa masa da "Uhm" guda. Siber cike take da samari masu hira da 'yan matan da ba su taɓa gani ba. Ta tafa hannu. "Duk ku bar ƙarya ku juyo nan. Shaidu nake so." Suka juyo. Har mai kawo mana shayi aka tsayar da butarsa a hannu.

Mayafi ya sake rufe madannai, yatsa guda ya yi aikinsa, akwati ya buɗe. Na cire kwaɗo. Na nemi lamba. Muka zauna jira. Modam yana naƙuda, Hajiya tana harararsa, na rantse ranar ya fi kullum sauri don tsoro. Lamba ta iso. Na kwafe ta a hankali na kai sabon kamfani, sai ga gurbin nan ya fito, "mai suna".

Malam Isufu ya rarrafo kusa da kujerata. Ya sa baki a kunnena, wannan dogon, ya ce a hankali, "Lawali, bar shi yadda yake. Sa na Yaya."

Ashe kunnen Hajiya ya fi nawa.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"In ka sake sa sunana a kan abin nan, wallahi Baturen farko da na gani zan ba shi kyauta, in haɗa masa da basillar baba. Ɗago kanka. Faɗa wa yaron nan sunanka."

"Ai ya sani, Yaya."

"Ni ce ban sani ba. Faɗi in ji."

Mutumin nan mai furfura ya buɗe baki ya rufe, ya dubi ƙasa, ya dubi Kawu, Kawu ya dubi fanka. Can ya ce, "Isufu." Murya kamar ta sauro.

"Isufu wa? Daga sama ka faɗo?"

"Isufu Ɗan Bako."

"Rubuta," in ji ta. Na rubuta, na sa akwatinsa.

Saura tambaya ta ƙarshe, wadda ke zuwa akwatin tsohon mai suna. Ta iso. Na karanta mata da Hausa, na nuna mata inda ake dannawa, na janye hannuna na ɓoye a baya don Kawu yana kallo. Ta kama ɓera kamar za ta murɗe masa wuya. Kibiyar da ke kan allo ta yi gabas, ta yi yamma, ta fita daga allon ma gaba ɗaya, wani saurayi ya yi yunƙurin taimako ta ce ya zauna. Ta lallaɓo ta har kan wurin. Ta dubi shaidu.

"Na ba shi a Assihar da bakina. Yau na ba shi da yatsana. Wanda ya sake zuwa mini da maganar nan, da ludayi zan ba shi amsa."

Ta danna. Aka shafa fatiha, har da masu 'yan matan ƙarya. Malam Isufu ya rufe fuska da hula ya ce wai fanka ce ke hura masa ido.

Ba ta ko sha shayi ba, ta ce wake na jiranta. Sunan ya yi kwanaki yana tafiya tsakanin kamfanonin biyu, Malam Isufu yana leƙowa safe da yamma kamar mai jinya a asibiti. Ya sauka lafiya kafin wata ya mutu. Saƙon farko da ya shigo bayan nan na mai kantin nan ce, tana neman ƙarin jakunkuna. Na karanta masa, ya ce in sake karantawa, ya fita da gudu. Wannan karon takalman biyu ya manta.

To kun ji. Cire kwaɗo, neman lamba, wannan ko ɓeran tebur aka koya wa zai yi. Abin da kamfani bai sani ba shi ne mutanenmu ba sa rubuta sunansu a gaban na manya. Wani zai sa wansa, wani maigidansa, wani surukinsa da ke Agadas wanda rabonsa da gari tun ana yi wa raƙumi rajista. Shi ya sa nake tambaya tun farko, in san wanda zan hana a rubuta.

Alhajin jiya ma, da kuke dariya, kun ji amsar da ya ba ni? Ya sunkuyar da kai ya ce in sa sunan kawunsa. Kawun yana Ingal, yana kiwo. Gobe Alhajin zai dawo, kuma ku biyu za ku zauna da shi har ya faɗi sunansa da bakinsa. Ni zan koma gefe in sha shayi. In kun gaza, akwai buhunan albasa masu zuwa kudu, ku hau ku je Ingal ku nemo kawun.